Hancin Mieta, Dasashin Gawie

Duk wanda ya taɓa zama a layin gidajen ma'aikatan gonar inabi da ke gindin dutsen Groenberg, bayan garin Wellington, ya san abu biyu game da Ant Mieta Karolus, wato Inna Mieta. Na farko, ba a ɗaga mata murfin tukunya a tafi da yatsu lafiya. Na biyu, tun da uwarta ta haife ta giya ba ta taɓa shiga bakinta ba. Ko a coci, ranar cin jibi, nata kofin daban ake ajiye mata, na ruwan inabin da bai kwana ba. Abin dariyar kuwa, ita ce mai dafa abincin da baƙi ke tasowa tun daga Cape Town su ci ranar Lahadi da jar giyar gonarmu, suna lumshe ido suna cewa lalle mai girkin nan ta san giya.

Ta san ta, amma ba irin sanin da suke nufi ba. Ubanta, Oom Jafta, wato Kawu Jafta, shi ne gwanin yi wa itatuwan inabi aski a zamaninsa. A lokacin nan gonaki kan biya wani ɓangare na ladan aiki da giya, a zuba wa mutum a gwangwani da safe, a ƙara da rana, a cika da yamma. Ba mai kyau ba ce, ragowar matsa ce, mai tsami kamar ruwan jiƙon takalmi. Oom Jafta mutum ne mai sanyin hali kafin gwangwanin yamma. Bayansa kuwa sai dai a kwashe yara a kai maƙwabta. Mieta tana budurwa aka binne shi, hantarsa ta gama lalacewa. A bakin kabarin ta ce wa Allah, da ƙarfi yadda kowa ya ji, abin nan ba zai ratsa leɓenta ba har a kwantar da ita ita ma. Daga ranar ko warinta ba ta yarda ya same ta. In za ta wuce ɗakin gangunan giya sai ta toshe hanci da gefen ɗankwali, ta ƙara sauri kamar mai bin motar haya.

Da mai gonar, Meneer Tielman, ya buɗe ɗakin cin abinci don baƙi, sai ya ɗauko Mieta daga kicin ɗin gidansa ya ce ta riƙa dafa abin da zai tafi da kowace giya. Ta ce to, ta fita tana tunanin yadda makaho zai zaɓi launin zane. A bakin ƙofa ta ci karo da Oom Gawie Fortuin.

Gawie shi ne mai wanke ganguna da cika su. Gajere ne, mai ƙafar baka, haƙoransa na gaba kuwa tun yana saurayi ya je aka cire su don ado, kamar yadda samarin lokacin ke yi. Yana da na roba, amma sai ranar Lahadi yake sa su, ya ce kada su saba da wahala. A aikinsa yakan kurɓi giya daga kowace ganga, ya juya ta a baki, ya tofar. Haka dai ya ce. Mu maƙwabta mun san rabi yake tofarwa.

Ya ce mata, "Ke kina da tukunya, ni ina da harshe. Ki ara."

Haka aka yi ta ara, har gashin kansu duka ya yi fari. Kowace Alhamis da hantsi Gawie zai zo ƙofar bayan kicin da kwalbar da za a sha ranar Lahadi, ya kifa akwatin inabi ya zauna. Mieta tana can bakin taga, ta juya masa ƙeya. Shi kuwa ba ya cewa giya tana ƙamshin kaza da kaza, irin na masu karatu. Mutanen layinmu yake kira.

"Wannan Cabernet ɗin dikon cocinmu ne, Oom Olifant. Fuska a ɗaure, wuya a sandare. Ba shi kitse, yarinya. Sai ya ga maiƙo yake tuna yana da haƙora."

Sai ta ɗora wutsiyar sa ko ƙafar rago, ta bar ta a wuta tun safe.

"Wannan Pinotage ɗin kuwa Katriena ce mai shago. Surutu, hayaƙin taba, ga son a kula ta. Kada ki haɗa ta da barkono mai zafi, dambe za su yi a bakin baƙo. Gasa mata nama, ki ɗan sa zaƙi."

Katriena ta ji labarin nan, ta yi wata guda ba ta sayar masa da burodi ba. Dikon kuwa da aka gaya masa bai yi dariya ba, wanda hakan ya ƙara nuna gaskiyar Gawie.

Ba aure ne tsakaninsu ba, kada wani ya ɗauka. Mijin Mieta ya rasu tuntuni, matar Gawie tana nan da ranta da tsintsiyarta. Abin da ke tsakaninsu shi ne akwatin nan da aka kifa, da kofin shayi da gutsuren burodi da take miƙa masa bayan ya gama, tana cewa, "Ungo, wanke bakin nan naka kafin ka yi mini magana."

A sanyin bara ne abubuwa biyu suka canza. Meneer Tielman ya gaji, ya miƙa gonar ga 'yarsa Liezel, wadda ta tashi a gindin murhun Mieta tana satar ƙanzo, ta je ta yi karatun haɗa giya ta dawo da nata ra'ayin. Ita tana sa a tsinke inabi tun bai gama nuna ba, giyarta ba ta da nauyi irin ta ubanta. Na biyu kuma, mura mai tsanani ta kwantar da Gawie. Ya tashi ya rame, ya koma aiki, kowa ya ce barka.

Alhamis ta zo, ya kawo kwalbar Shiraz, ta farko da Liezel ta haɗa da hannunta. Ya kurɓa, ya juya, ya daɗe yana juyawa. Ya saci kallon takardar jikin kwalbar.

"Irin na kullum ne," ya ce. "Ƙato ne, mai faɗin ƙirji. Loda masa."

Mieta ta loda. Wutsiyar sa, kanumfari, masoro, kirfa, romo mai kauri kamar a tsaya a kai. Ranar Lahadi baƙi suka lashe faranti tas, amma kofuna suka dawo da saura. Giyar nan siririya ce, abincin ya zauna a kanta ya danne ta, ba wanda ya ji muryarta. Sati na gaba ma aka kuma, da wata kwalbar.

Ranar Litinin Liezel ta shigo kicin, ta tsaya tana murɗa igiyar makullanta kamar lokacin da take ƙarama in ta fasa kofi.

"Ant Mieta, abincin ba laifi. Ni da kaina na yi ƙari. Amma yana kashe mini giya. Akwai wani a Cape Town, aikinsa ke nan, shi zai riƙa rubuto abin da za a dafa da kowace kwalba. Ant ba za ta rasa aikinta ba, girkin dai nata ne."

"Girkin nawa, shawarar tasa."

"Ba haka nake nufi ba, Ant."

"Haka ne mana, 'yar nan. Ni hannu, shi kai." Mieta ta goge hannu a atamfar gabanta. "Ba ni Lahadi ɗaya. In kofuna suka sake dawowa da saura, kira mutuminki, zan ma dafa masa shayi."

Liezel ta ce to, ta fita da sauri kafin a ga idonta.

Mieta ta san abin da ake shirin karɓe mata. Ba albashi ba ne. A duk rayuwarta wani ne ke cewa tsinko nan, wanke can, kawo wancan. Wuri ɗaya tak take yanke hukunci ba mai ce mata don me, shi ne cikin tukunyar nan. In aka maƙala mata takarda a bango tana bi, to ta koma 'yar aikin da take tun tana budurwa, sai dai yanzu da ciwon gwiwa.

Ba ta zargi Gawie ba tukuna. Madara ce ta tona shi. Ranar Laraba ya leƙo karɓar wuƙar da ya ba ta aro, ta ce ya zauna ya duba mata madara a wuta, ta fita bayan kicin tsinko ganyen miya. Tana can ƙarshen lambu ƙauri ya iske ta. Ta rugo da gwiwar nan tata, ta tarar madara ta bushe ta kama gindin tukunya, Gawie kuwa yana zaune dab da murhu, hula a gwiwa, yana kallon kaji ta taga hankali kwance.

Ta sauke tukunyar, ta ɗebi kanumfari ta ƙulle a tsumma, ta kai masa hanci.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Wasan yara za mu yi?"

"Faɗa mini dai."

Ya shaƙa, ya sake shaƙa har kafaɗunsa suka ɗaga. "Kirfa."

Ta kwance tsumman a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallon kanumfarin, kamar zai canza in aka matsa masa da ido.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun murar nan." Muryarsa ta yi ƙasa. "Komai ya zama ruwa, Mieta. Kofi ruwan zafi ne mai ɗaci. Burodinki kamar ina tauna katifa. Matata ta soya albasa, sai na ga hayaƙi nake sani."

"Shi ne ka bar ni na kashe wa yarinya giya har sau biyu? Kai da bakinka kamar ƙofar gareji, ka kasa buɗe shi ka faɗa?"

"In na faɗa, me zai kawo ni nan ranar Alhamis?"

Sai ta juya ta kama kankare gindin tukunya da ƙarfin da tukunyar ba ta yi laifinsa ba.

Washegari ya zo duk da haka, da kwalba a hammata, yana tafe kamar wanda aka aika kai saƙon mutuwa. Giyar Cinsaut ce, wadda tsofaffi ke kira Hermityk, daga tsofaffin itatuwan da ke kan tudu, gajeru masu doro, waɗanda ba a ɗaure su a waya. A da ba a ɗauke su bakin komai ba, da su ake cika ganga. Liezel ce ta ce a ware su a yi musu kwalbarsu. Su ne itatuwan da Oom Jafta ya yi wa aski har ya mutu.

Gawie ya zuba a kofin gilashi ya ajiye a kan tebur. Ba wanda ya taɓa. Launinta ja ne mai haske, ana hango katakon tebur ta cikinta.

Mieta ta tsaya tana kallon kofin. Kurɓa ɗaya ce. Wa zai sani? Allah dai, da wannan tsohon marar haƙora. Ta tsufa, ba yanzu za ta fara tangaɗi a layi ba. Wanda aka yi alkawarin dominsa ma ƙashinsa ya zama ƙasa. Ta miƙa hannu ta ɗauka.

"Mieta," Gawie ya ce, "kada ki yi don ni."

"Wa ya ce don kai? Ji mini tsoho da ɗaukar kai."

Ta ɗaga kofin. Kafin ya kai leɓe, ya biya ta ƙarƙashin hanci, don haka Allah ya jera fuska. Sai ta tsaya cak.

Tsamin gwangwanin nan take jira, wanda ta yi shekaru tana gudu. Bai zo ba. Abin da ya zo ƙamshin rumman ne da aka fasa, da jan shayinmu in ya huce, can ƙasa kuma ƙamshin turɓayar tudu in yayyafin farko ya taɓa ta. Wannan na ƙarshen ne ya kama ta. Ƙamshin rigar ubanta ne in ya sauko daga tudu, kafin a buga ƙarfen yamma a jeru da gwangwanaye. Akwai ɗan lokaci a tsakani, gajere, da yakan ɗora ta a wuya ya kai ta gida. In an yi sa'a mai keken kifi ya zo daga bakin teku yana busa ƙaho, sai ya sayi kifin snoek, ya tsaga shi ya shimfiɗa a kan garwashin busassun rassan inabi, yana shafa masa ruwan inabin da aka dafa ya yi kauri kamar zuma. Dankali mai zaƙi a cikin toka. Yakan cire mata ƙaya da yatsunsa masu kaushi, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa a hankali, 'yar baba.

Ta manta da wannan mutumin. Shekara da shekaru na bayan gwangwani kawai take tunawa. Ashe da ta toshe hanci, har da shi ta toshe.

Ta ajiye kofin, bakinta a bushe kamar yadda ta ɗauka. Ta ja gefen ɗankwali, wannan karon ido ta goge.

"Albasa ce," ta ce.

"Ban ga albasa ba."

"Kai da ba ka jin wari, me ka sani? Ɗauki ka kurɓa. Ƙamshi na ji da kaina. Abin da ban sani ba shi ne yadda take yi a baki. Ko shi ma ya mutu?"

Gawie ya kurɓa ba da wani sa rai ba. Ya juya, ya tura ta gaba inda haƙora suka taɓa zama, ya tsotsi iska. Girarsa ta ɗaga.

"Tsaya. Wannan ina ji." Ya shafa dasashinsa da harshe. "Ba ta da bauri. Dikon in ya shiga, sai ka ji dasashi ya tattare kamar ka ciji ɗanyar gwaiba. Wannan ba ta kama ni ba, wucewa ta yi. Akwai ɗan tsami a gefen harshe, mai sa yawu. Ba nauyi. Yarinya ce mai tafiya ba takalmi."

"To, in an ba ta wutsiyar sa?"

"Ta mutu."

"Snoek zan gasa."

Ya kusa ƙwarewa. "Kifi? Da jar giya? Haba Mieta, ko ɗan da aka haifa jiya a kwarin nan ya san ja ta nama ce, fara ta kifi. Za su ce tsufa ya taɓa ki."

"Me ke sa ja faɗa da kifi?"

Ya gyara zama, don tambayar ta aikinsa ce. "Baurin ne. Shi ke haɗuwa da man kifi, baki ya koma kamar ka lashi cokali."

"Kai kuma ka ce ba ta da shi."

"Na ce."

"To rufe garejin, je ka samo mini busassun rassa."

Ya tafi yana gunaguni, amma mun gan shi, tafiyar ba irin ta zuwan ba ce. Har ya tsaya a shagon Katriena ya tsokane ta.

Ranar Lahadi hayaƙin rassan inabi ya cika farfajiya. Mieta ta sa aka ɗan sanyaya kwalaben a bokitin ruwa, don Gawie ya ce tsamin zai fi tashi. Wasu baƙin da suka ga kifi kusa da jan kofi sun kalli juna. Wani mai gemu ma ya kira mai kai abinci ya tambaya ko kuskure aka yi. Mieta ba ta leƙa ba. Tana tsaye a bakin wurin wanke-wanke, inda gaskiya ke dawowa. Gawie yana kan akwatinsa da haƙoran Lahadi a baki, sai motsi suke yi don tsoro.

Kofuna suka fara dawowa. Ba duka ne suka zo a bushe ba, mai gemun nan ya bar nasa, ya ce shi dai bai saba ba. Amma yawanci ba abin da ya rage a cikinsu sai ɗan jan zobe a gindi, aka kuma aiko a ƙara kwalabe.

Da baƙi suka watse Liezel ta shigo da farantinta, tana tsotsar ƙaya.

"Oom Gawie, yaya aka yi ka gano kifi?"

Gawie ya dubi Mieta. Mieta ta ci gaba da wanke kofi.

"Ba ni ba ne, 'yata," ya ce. "Hancina ya mutu tun murar nan. Shi ya sa giyarki ta sha wuya sau biyu. Yanzu dasashi kawai gare ni. Hancin na wannan tsohuwar ne."

Liezel ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ant Mieta ta sha?"

"Ki wanke bakinki. Shaƙa na yi."

Yarinyar ta yi dariya har ta zauna a kan buhun dankali. Da ta nutsu ta ce mutumin Cape Town ya sha zamansa. Amma ta kafa sharaɗi: ita ma za ta riƙa zuwa ranar Alhamis, don ta gaji da a riƙa yanke wa giyarta hukunci a bayan idonta, kuma a daina ɓoye mata ciwo. Gawie kuma zai je asibiti a duba hancin. Mieta ta ce ta zo, amma ta kawo akwatin zamanta, kuma kada ta taɓa murfi.

Hancin Gawie bai dawo ba har yau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya ce wani lokaci yakan ji kamar ƙamshin kofi daga nesa, kamar ana kiransa daga wani gari. Alhamis kuwa yanzu sai ka ji kicin kamar kotu. Mieta ta shaƙa ta ce wannan dikon ne, Gawie ya kurɓa ya ce ƙarya ne, ƙanin dikon ne, Liezel ta ce ku duka ba ku san komai ba, sannan ta ci abin da aka dafa ta yi ƙari.

Hermityk ce kaɗai ba su taɓa musu a kanta ba. Gawie ya so ya laƙaba mata sunan wata a layi, ya fara lissafo 'yan matan da, Mieta ta ce a'a, wannan tana da mai ita. Bai tambaya ba, ya san wanda ya yi wa itatuwan aski. Kuma tun daga lokacin, in za ta wuce ɗakin ganguna, ɗankwalinta yana zaune a kanta. Wani lokaci ma takan ɗan rage sauri, ta ce gwiwa ce.